Mawaƙin gambara a fim ɗin rayuwarsa: iya wasa ne, ko kansa kawai ya nuna mana?

Sadiq_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na sake kallon 8 Mile, fim ɗin Eminem na 2002, da na gama kuma na ɗora da Get Rich or Die Tryin' na 50 Cent wanda ya fito a 2005. Duka biyun mawaƙan gambara ne, duka biyun an ɗauko wani yanki na rayuwarsu an sauya musu suna an gina labari a kai. Na farkon na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Na biyun kuwa ina kallo ina jin kamar mutumin jira yake a gama ɗauka ya koma harkokinsa. Tambayata ita ce, mawaƙi idan ya fito a fim ɗin da aka gina kan rayuwarsa, wasa yake yi da gaske, ko kansa kawai yake nunawa mu kuma mu tafa masa? Kuma me ya sa wani ya dace wani bai dace ba?

Abba_Kurna:
Wa alaikumus salam. Ni a wurina babu wani wasa a ciki. An ce ka fito a matsayin yaron Detroit, farar fata, talaka, mai son rap, wanda ba sa jituwa da mahaifiyarsa. To ai kai ne. Me ka ƙirƙira? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jarumi shi ne wanda za a ba shi rayuwar da bai taɓa yi ba ya sa ka manta ko shi wane ne.

MalamHabu_Dirama:
Abba, ka yi haƙuri zan saɓa maka, kuma da abin da na gani da idona zan yi magana. Na shafe shekaru ina koya wa yara wasan kwaikwayo a makarantar sakandare. Akwai shekarar da muka shirya wasa kan yaron da mahaifinsa ya rasu ya koma tallar ruwa don ya riƙe ƙannensa. A cikin 'yan ajin akwai yaron da wannan ita ce rayuwarsa sak. Na ce shi ke nan, na samu wanda zai yi. Wallahi ranar gwajin farko yaron nan ya ƙame kamar itace. Duk inda aka zo wurin da ya kamata ya karaya sai ya yi murmushi, ko ya sunkuyar da kai ya karanto maganar da sauri kamar mai biya hadda. Ba don bai san zafin ba, sai don ya shekara yana koyon ɓoye shi. Daga ƙarshe wani yaro ɗan gidan wadata ne ya hau rawar, shi kuma wancan na ba shi rawar mai unguwa, ya kuwa yi abin da ya sa iyaye suka miƙe tsaye suna tafi.

Tun daga ranar na daina cewa fitowa a matsayin kanka abu ne mai sauƙi. Sanin abu daban, iya maimaita shi a gaban kyamara sau goma sha biyar, fitilu na haska ka, mutane hamsin na tsaye a kanka, shi ma daban.

Abba_Kurna:
Malam na ji, kuma labarin yaron ya taɓa ni. Amma yaronka ba mawaƙi ba ne. Waɗannan mutanen sun saba da kyamara, sun yi bidiyon waƙa sun fi a ƙirga.

MalamHabu_Dirama:
Nan ne ma matsalar take, ɗan'uwa. A bidiyon waƙa kana kallon kyamara ido cikin ido kana ce mata ni ne nan, babu kamata. A fim kuwa dole ka manta da ita, ka saurari wanda yake gabanka. Mawaƙin gambara ya gina sunansa kan cika baki da nuna ba ya tsoro. Fim kuma so yake ya ga tsoron. Ku tuna yadda 8 Mile ya buɗe: yana banɗaki yana amai don fargaba, ya hau dandali an miƙa masa makirufo, ya kasa furta ko kalma ɗaya, aka yi masa ihu ya sauka. Mutumin da a lokacin yana cikin mawaƙan da suka fi kowa sayar da faifai a Amurka ya yarda a fara fim ɗinsa da wannan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi kuma bai ɓoye ba.

Zee_Damagaram:
Ni abin da ya fi tsaya min a rai ba gasar zambon da ake yi da rap a fim ɗin ba ce, inda Eminem yake tare da ƙaramar ƙanwarsa Lily ne. Yadda yake sassauta murya in yana mata magana, yadda yake ɗauke ta in rigima ta tashi a ɗan gidan nan nasu na tirela. A nan babu waƙa babu cika baki, kuma na yarda da shi. Wanda bai iya wasa ba a irin wurin nan ake kama shi.

Engr_Mubarak:
A ƙara da wani abu da ake mantawa. Mutanen da aka kewaye shi da su ba ƙanana ba ne. Daraktan, Curtis Hanson, shi ya yi L.A. Confidential. Kim Basinger da ta fito a mahaifiyarsa ta riga ta ci Oscar a wancan fim ɗin. Ga Mekhi Phifer a matsayin Future, ga Brittany Murphy, ga Anthony Mackie a matsayin Papa Doc, wanda wannan ne fim ɗinsa na farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa aka saka a tsakiyar waɗannan zai haska.

Sadiq_Fagge:
Injiniya, da haka ne da na 50 Cent ya fi kowanne kyau. Jim Sheridan ne ya ba da umarni, mutumin da ya yi My Left Foot wanda Daniel Day-Lewis ya ci Oscar da shi. Terence Winter na The Sopranos ne ya rubuta. Akwai Terrence Howard, akwai Viola Davis a matsayin kakarsa, akwai Adewale Akinnuoye-Agbaje, ɗan asalin Najeriya haifaffen Landan, wanda ya fito a Majestic ya kuma cika fim ɗin da kwarjini. Duk da haka in kyamara ta dawo kan Marcus, wato rawar da 50 Cent ya hau, sai ka ji wutar ta ragu. Kuɗin da aka kashe wa finafinan biyu kusan ɗaya ne, wajen dala miliyan 40. 8 Mile ya tara sama da miliyan 240 a duniya, na 50 Cent bai kai miliyan 50 ba.

Engr_Mubarak:
Na karɓi gyara a kan wannan. Amma kuɗin shiga ba shi ne ma'aunin iya wasa ba, kar mu haɗa su.

G_Unit_Sabongari:
Ku yi wa 50 adalci don Allah. Kun san abin da mutumin nan ya gani? Yana ɗan shekara 8 mahaifiyarsa ta mutu, kakanninsa suka riƙe shi a South Jamaica cikin Queens. A 2000 aka harbe shi harsashi 9 a ƙofar gidan kakarsa, ɗaya ya shiga ta kumatu, abin da ya sauya masa murya ke nan har yau. Mutumin da ya taso a haka ba zai riƙa zubar da hawaye yana ɗaga murya ba. Wannan daskararriyar fuskar da kuke kushewa ita ce gaskiyarsa. Ni na taso a unguwar da ake da irin waɗannan samarin. Akwai wani maƙwabcinmu, ranar da aka kawo gawar yayansa yana zaune kan benci yana ɓare gyaɗa, ko gezau. Sai bayan kwana uku na same shi a bayan masallaci shi kaɗai yana kuka kamar ransa zai fita. Da na ga Marcus shi na tuna.

MalamHabu_Dirama:
Allah ya jiƙan mamacin. Ka kawo magana mai nauyi, kuma ita ce ta yaron ajina. Sai dai ka lura, kai ka samu ganin maƙwabcinka a bayan masallaci. Aikin fim shi ne ya kai mu bayan masallacin nan. Ƙwararren ɗan wasa zai riƙe fuska a daskare amma ya bar ka ka hango abin da yake tafasa a ƙasa, ta ido, ta numfashi, ta yadda ya riƙe kofi. A wurin 50 na 2005 mun ga benci da gyaɗa, ba mu ga sauran ba. In ban da wurin nan bayan harbin, da aka ɗaure masa muƙamuƙi ya rame yana jan jiki. Nan kam na ga mutum.

G_Unit_Sabongari:
To ai ka ga akwai wurin da ya yi. Kuma daga baya ya gyara. Duk wanda ya kalli shirin talabijin mai dogon zango na Power ya ga rawar Kanan da ya hau ba zai ce 50 bai iya wasa ba.

Hauwa_Kulu22:
Gaskiya ne, Kanan ya tsorata ni. Amma ka lura Kanan ba shi ba ne, mugu ne da aka ƙirƙira, kuma tsakanin fim ɗin da fara Power a 2014 shekara 9 ne. Wato da aka raba shi da labarin kansa, ya kuma samu lokaci ya koyi sana'ar, sai ya sake. Wannan ya fi goyon bayan maganar Malam Habu.

Bash_Tudunwada:
Tunda ana maganar 50, akwai fim ɗin da ya rame sosai dominsa, ya zubar da sama da kilo 20 don ya fito a ɗan wasan ƙwallon Amurka mai fama da cutar daji. Da farko Things Fall Apart ya sa masa suna, sai ɓangaren Chinua Achebe suka ƙi amincewa saboda sunan littafinsa ne, aka mayar da shi All Things Fall Apart. Ya nuna dai da gaske yake son sana'ar, ba wucewa ya zo yi ba.

Kawu_Isa:
Yara, ku bar ni in koma da ku baya kaɗan, don ni na kalli waɗannan abubuwan tun zamanin kaset a gidan kallo. Kafin Eminem akwai Ice Cube a Boyz n the Hood na 1991, fim ɗin John Singleton, inda ya fito a Doughboy. Akwai Tupac a Juice na 1992 a matsayin Bishop. Waɗannan ba tarihin rayuwarsu ba ne, amma duniyar da suka sani ce. Har yau in na tuna zaman da Doughboy ya yi a bakin ƙofa a ƙarshen fim ɗin, bayan an kashe ɗan'uwansa Ricky, yana magana a hankali kamar wanda ya gaji da duniya, sai jikina ya yi sanyi. Shi Tupac ma ba a sa shi a wannan layin, don ya yi karatun wasan kwaikwayo a makarantar fasaha ta Baltimore tun kafin a san shi da waƙa. Ɗan wasa ne da ya zama mawaƙi.

Abin da na lura da shi a tsawon shekarun nan, mawaƙan da suka daɗe a fim ba ta labarin kansu suka daɗe ba. Will Smith har Oscar ya ci a 2022 da King Richard. Queen Latifah an saka ta a takarar Oscar da Chicago. Ice-T ya fi shekara 20 yana fitowa a ɗan sanda a Law & Order: SVU, mutumin da a da ya yi suna wajen caccakar 'yan sanda a waƙa.

Abba_Kurna:
Kawu ka kawo ni inda nake so. Eminem fa? Tun 2002 wane babban rol ya sake hawa? Babu, sai 'yan leƙe nan da can. Southpaw ma da aka tsara dominsa, Jake Gyllenhaal ne ya yi shi a 2015. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In da jarumi ne da ya gwada wata rawar mun gani.

Zee_Damagaram:
Yaya Abba, tambayar Sadiq ba wai ko Eminem jarumi ne na sana'a ba ce. Tambayar ita ce ko ya gamsar a wannan fim ɗin. Mutum zai iya gina gida ɗaya mai kyau bai zama magini ba, gidan kuma yana nan tsaye.

Sadiq_Fagge:
Haka ne Zee. Kuma akwai abin da nake so a duba: 8 Mile bai bi rayuwarsa sak ba. An tsayar da labarin a 1995, cikin 'yan kwanaki kawai. Sunansa Jimmy Smith, ba Marshall Mathers ba. Ba a nuna ya samu kwangilar faifai ba, ba a nuna Dr. Dre, furodusan waƙar da ya ɗaga shi, ba, ba a nuna arziki ba. Ya ci gasar zambo a daren nan, abokai suna murna, shi kuma ya juya ya koma aikin dare a masana'antar ƙarafan mota. Fim ɗin ya ƙare yana tafiya shi kaɗai a lungu. Na 50 kuwa ya kwaso komai tun yarinta, da mutuwar uwa, da sayar da ƙwaya, da kurkuku, da harbi, da soyayya, har hawa dandali. Kaya ya yi wa sabon ɗan wasa yawa.

Nafi_Indiya:
Ku ba ni dama in shigo da Indiya, don ni can na fi ƙarfi. Gully Boy na 2019, wanda Zoya Akhtar ta ba da umarni, an samo shi ne daga rayuwar mawaƙan titi biyu na Mumbai, Divine da Naezy. Amma ba a ce su fito da kansu su ja fim ɗin ba. Ranveer Singh aka ɗauko, ya koyi rap ɗin ya rera da bakinsa, ga Alia Bhatt a gefe. Fim ɗin ya kwashe kyaututtukan Filmfare 13, Indiya kuma ta tura shi takarar Oscar. A ganina wannan ce hanyar da ta fi: mawaƙi ya ba da labari da waƙa, a bar wa ɗan wasa wasa.

Bash_Tudunwada:
Haka aka yi a Straight Outta Compton na 2015. Ice Cube bai fito da kansa ba, ɗansa O'Shea Jackson Jr. ne ya hau rawar uban, ya kuma yi ta har kana mantawa ba shi ba ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Hauwa_Kulu22:
Amma Bash, wannan fim ɗin ya tuna min wata matsala da ba mu taɓo ba. In mawaƙi ne yake riƙe da labarinsa, ko yana cikin masu shirya fim ɗin, me zai bari a nuna? Ice Cube da Dr. Dre suna cikin furodusoshin Straight Outta Compton, kuma da ya fito an yi ta ƙorafi cewa an tsallake cin zarafin matan da aka san Dre da shi a wancan lokacin, har sai da ya fito ya nemi afuwa a bainar jama'a a shekarar. Wannan yana damuna ƙwarai. Muna cewa mutum ya gamsar da mu, alhali abin da ya zaɓa mu gani kawai muka gani. Ita ma mahaifiyar Eminem ta gaskiya ta taɓa kai shi kotu a 1999 kan abin da yake faɗa a kanta. Uwar da muka gani a fim, ta bakin ɗa muka san ta. Ita ba a tambaye ta ba.

MalamHabu_Dirama:
Malama Hauwa, wannan gaskiya ce kuma ban da amsar da za ta share ta. Abin da zan ce kawai, shi ya sa sauya suna yake da amfani. In ka ce Jimmy ne ba Marshall ba, ka sanar da mai kallo cewa ƙirƙira ce da aka jiƙa da gaskiya, ba shaida ce a gaban alƙali ba. Sai dai mutane ba sa rarrabewa, kuma masu tallar fim ɗin ma ba sa so a rarrabe.

Dan_Zongo_Kumasi:
Gaisuwa daga nan. Akwai wani sabo da ban ga an ambata ba, Kneecap na 2024. Wasu samari uku ne daga Belfast masu rap da harshensu na Ailan, suka fito a matsayin kansu da sunayensu na waƙa, tare da Michael Fassbender. Ba su taɓa fim ba, amma ka rantse sun daɗe a harkar, har daraktan Rich Peppiatt ya ci kyautar BAFTA a 2025. Abin da na lura, su ba su damu a gan su a matsayin gwaraza ba, sun bari an ga wautarsu da ɓarnarsu. Ina gargaɗi dai, akwai shaye-shaye da abubuwan da ba na kallo da iyali ba ne. Abin da ya kama ni shi ne yadda suka nace sai da harshen iyayensu za su yi waƙa, ko da ana ce musu ba mai saurare. Mu da muka taso da Hausa a zango mun san wannan zafin.

Abba_Kurna:
Wannan ban gani ba, zan nema. Amma har yanzu ina kan bakata: a ba su rawar likita ko manomi mu gani.

Engr_Mubarak:
Abba, a gida ma an yi gwajin da kake nema. Reminisce ya fito a Makanaki cikin King of Boys na Kemi Adetiba a 2018, Illbliss ma yana ciki, kuma ba labarin rayuwarsu ba ne. Falz har kyautar AMVCA ya ci da wasan barkwanci. A Kannywood kuma mawaƙi ya koma jarumi ba sabon abu ba ne, Umar M. Shareef ya ja Mansoor a 2017, ko da yake shi waƙar soyayya yake yi ba gambara ba. Abin da nake jira shi ne ranar da wani cikin masu rap da Hausa zai yarda a yi fim kan yadda ya taso, da faɗan da aka yi da shi a gida kan waƙa, da kuɗin situdiyo da ya riƙa tarawa naira-naira.

Kawu_Isa:
Zai yi wuya, ɗana. Mu nan akwai kunya da kara. Wa zai yarda a nuna mahaifiyarsa a allo yadda aka nuna ta Jimmy? Ko ya yarda, dangi ba za su bar shi ba, ni ma kuma ba zan so ba. Zai fito da labarin da aka wanke tas, kuma wankakken labari shi ne wanda ba ya kama zuciya.

Zee_Damagaram:
Kawu, ba sai ya tona asirin iyaye ba. Ya tona nasa ya isa. Ku tuna yadda Jimmy ya kayar da Papa Doc a zagayen ƙarshe. Ya riga shi faɗin duk abin da za a zage shi da shi, talaucinsa, zamansa a gidan tirela da mahaifiyarsa, dukan da aka yi masa, budurwar da ta ci amanarsa. Sannan ya fallasa cewa shi Papa Doc mai nuna shi ɗan daba ne, makarantar kuɗi ya yi kuma iyayensa suna zaune lafiya. Ya miƙa masa makirufo, wancan ya rasa ta cewa. Na kalli wurin nan da ƙanena a waya, muna zaune a tsakar gida, yaron da ba ya jin Turanci sosai, amma da aka zo nan sai da ya miƙe tsaye.

G_Unit_Sabongari:
Wannan wurin ai rap ne Zee, ba wasa ba. Abin da ya fi iyawa ke nan a duniya. Waƙar fim ɗin ma ita ta ci Oscar a 2003, Lose Yourself, waƙar rap ta farko da ta taɓa ci. Kyautar waƙa aka ba shi, ba ta wasa ba, kuma ko halartar bikin bai yi ba.

Sadiq_Fagge:
Gaskiya ne kyautar waƙa ce. Amma ka sake kallon wurin ka rage sauti gaba ɗaya. Na yi haka ɗazu bayan na karanta maganar Malam Habu. Kalli idonsa lokacin da ake jefa kwabo don a ga wa zai fara, kalli yadda yake haɗiye yawu kafin kiɗa ya tashi, ka kwatanta da fuskarsa a fitowar farko da ya kasa magana. Mutum ɗaya ne, tsoron bai tafi ba, riƙe shi ya koya. Malam, kai da ka san harkar, wannan darakta ne ya saka shi ko daga shi ne?

MalamHabu_Dirama:
Darakta yana iya ce maka tsaya nan, kalli can, jira daƙiƙa uku kafin ka fara. Haɗiye yawun nan ba a koyar da shi. In ka samu lokaci ka yi wa na 50 irin wannan gwajin, ka rage sauti a wurin da yake zaune a mota da budurwarsa Charlene, ka zo ka faɗa mana abin da ka gani.

G_Unit_Sabongari:
Ni ma zan yi gwajin yau da daddare in an kawo wuta. Amma a wurin da aka ɗaure masa muƙamuƙi zan yi nawa.